Darakta a Kan Kwano

A duk unguwar Magajin Gari ta Birnin Gwari babu wanda bai taɓa ganin bidiyon Abdulkahar ba, kuma babu wanda ya taɓa ganinsa da kyau. Bidiyo ne na minti biyu a cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Ko gaisuwa ka tsaya yi a shagonsa na cajin waya, kafin ka kai ga tambayar iyali ya zaro ta ya kunna maka. Za ka hangi wasu mutane mitsi-mitsi a wani fili a Kano ana ɗaukar fim, da wani mai jar hula a tsakiya yana nuna nan yana nuna can. Sai Abdulkahar ya ce ai shi ne mai jar hular. Ba ya sakin wayar, ba ya ɗage babban yatsansa daga kusurwar hagu, sauti kuwa kullum sifika ta lalace. Da haka ya samu sunan Darakta, da fari da zolaya, daga baya sunan ya bi shi har gida.

Maganar gaskiya ya je Kano, kuma ya yi kwana biyu cur a wurin ɗaukar fim. Aikin da aka ba shi shi ne riƙe wa mai kyamara lema, kuma abin da babban yatsan nan yake rufewa ke nan shekara shida.

Ana tsakiyar damina sai wani ma'aikacin ƙungiyar kare muhalli daga Kaduna, wani ɗan Gbagyi mai sanyin magana ana ce masa Timothy, ya zo wurin Baba Ladan, shugaban ƙungiyar manoma da makiyaya. Aka tara jama'a a gindin ɗorawar ƙofar gidan dattijon. Timothy ya ce suna so a yi bikin nuna finafinai kan sauyin yanayi, mutane su gani su tattauna, tunda kowa ya ga yadda ruwa ya daina zuwa a kan lokaci, kwari yana cinye gonaki, gawayi yana cinye daji. Za su kawo majigi sabo fil da finafinai uku. Wanda ya shirya bikin ya yi kyau, a hannunsa za a bar majigin ya riƙa zagaya ƙauyuka da shi, su Kakangi da Damari da sauransu.

Kafin ya rufe baki Abdulkahar ya miƙe. Majigin nan ya shiga ransa kamar me, har ya hango kansa yana sauka daga babur a ƙauye ana cewa ga Darakta nan. Ya ce shi majigi a wurinsa kamar cokali ne, ido rufe ma zai sarrafa shi. Da Timothy ya ce zai taho da ƙaramin janareta, sai ya yi tsalle ya dire.

"Malam Timothy, kada ka zubar mana da mutunci. Bikin muhalli da hayaƙin fetur? A Kano ko almajirin kyamara ba zai yi wannan ba. Rana za ta ba mu wuta. Ina da farantin sola, ina da batir."

"Wane batir?" in ji Baba Ladan. "Wanda in an kai maka waya da safe ake karɓarta da yamma yadda aka kai ta?"

"Baba, wayoyin ne suka tsufa."

"Har tawa da aka sayo min sati biyu?"

Abdulkahar ya ce harkar lantarki tana da zurfi, ba a gindin bishiya ake bayaninta ba. Da yake babu wanda ya nemi aikin sai shi, aka ba shi. Timothy ya tura masa finafinan a waya, ya ce majigin sai ranar Asabar da safe zai iso da shi.

Matsala ta farko ita ce duhu. Tun da dajin nan ya rikice babu mai zuwa taro bayan magariba, don haka dole a nuna fim da rana tsaka. Darakta ya ce wannan ba komai ba ne, shi da hannunsa zai kawo dare. Ya samu aron tsohon siton auduga da ke bakin kasuwa, wanda kwanonsa ya yi tsatsa tun yana yaro, ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ya toshe da buhuna. Wani makiyayi mai suna Bakoji yana ajiye buhunan dusar shanunsa a wani lungu na siton, ya ce shi dai a bar masa dusarsa inda take, aka bar ta.

Matsala ta biyu Baba Ladan ne ya kawo ta daga wurin liman: ba za a cakuɗa maza da mata a cikin duhu ba. Wannan ta hana Darakta cin tuwo. Matarsa Saliha, wadda take koyarwa a firamare, ta ce masa me zai hana a rataye farin yadi a tsakiyar sito, maza a wannan gefe, mata a wancan, tunda in yadin bai da kauri hoto zai fito ta kowane ɓangare. Ya ce mata wannan shawara ce ta wanda bai san fim ba. Washegari ya je ya faɗa wa Baba Ladan ita a matsayin sabuwar fasahar da ya taho da ita daga Kano.

Ranar Laraba ya shiga kasuwa sayen yadin. Ya tsuke fuska, don a ganinsa darakta ba ya yawan fara'a, ya ce wa mai yadi ya yanko masa farin alawayyo, yanzu-yanzu, abin gaggawa ne. Mai yadi ya tambaye shi lafiya, ya ce za a ji. Daga nan ya wuce ya sayi turare da sabulu da sabon bokiti, saboda warin jemagu da ya cika siton. Ya biya masallaci ya aro tabarmi, ya shimfiɗa su a ƙofar gidansa su sha iska, sannan ya tafi wurin kafinta neman ƙusoshi.

To a garin nan, mutum ya sayi alawayyo da turare fuska a ɗaure, ya shimfiɗa tabarmin masallaci a ƙofar gida, ai ba sai an yi shela ba. Kowa ya san yana da tsohuwa a Damari da ta kwana biyu tana fama da ƙafa. Kafin ya dawo tabarmi sun cika da maza, kowa ya sunkuyar da kai, cikin gida kuwa maƙwabciyarsu Iya Mairama ta riga ta rungume Saliha tana ba ta haƙuri.

Yana shawo kwana mutane suka miƙe. Wani ya kama hannunsa ya ce Allah ya ji ƙan tsohuwa, ya sa ta huta. Ƙusoshi suka zube daga hannun Darakta. Ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da kuka, yana cewa ko sallama ba su yi ba, yana tambayar yaushe abin ya faru. Nan mutane suka fara kallon juna. Baba Ladan ya matso ya ce ai su a wurinsa suke jiran jin yaushe. Ana cikin haka Saliha ta leƙo daga zaure da waya a hannu, ta ce ga Inna nan a kan layi, daka take yi, tana tambayar wa ya mutu.

Da aka bi diddigin labarin daga baki zuwa baki, sai aka tarar ya tsaya a kan mai yadi, daga mai yadi kuma ya dawo kan Darakta da kansa. Da wani ne, da kunya ta ishe shi ya shige ɗaki. Shi kuwa ya share hawaye da hannun riga, ya ce tunda Allah ya tara su, yana sanar da su akwai biki ranar Asabar ƙarfe biyu, kuma wannan da suka gani salon talla ne, haka ake yi a manyan birane. Iya Mairama ta fito tana gyara mayafi, ta ce ita dai yadin nan bai kwanta mata ba, kuma hawayenta ba za su tafi a banza ba.

Sauran kwanakin a kan haddar sharhi suka ƙare. Finafinan da Turanci suke, Turancin Darakta kuwa bai wuce na jikin kwalin waya ba. Saliha ce take kallo tana fassara masa, shi kuma yana haddacewa bi da bi: na farko kan ƙanƙara da ke narkewa a ƙarshen duniya da wata farar dabba da ta rasa wurin zama, na biyu kan saran itace da zaizayar ƙasa, na uku kan makiyayan da ke shuka ciyawar shanu. Sau tara ya sa ta maimaita. Da zai zuba su a filashi sai ya sa bidiyonsa na Kano a farko, don jama'a su san wanda ke gabansu. Dabararsa ita ce ya tsaya kusa da majigin, ya rage sauti, ya ɗora babban yatsan nan a gefen idon na'urar kamar yadda ya saba.

Asabar ta zo, Timothy ya iso da majigi da sifika mai ƙarfi. Baba Ladan ya dubi gabas ya ce gajimare zai yi yawo yau, gwiwarsa ta gaya masa tun asuba. Darakta ya nuna masa waya, ya ce ga shi an zana rana ƙuru-ƙuru, sauyin yanayi ya riga ya kashe ilimin gwiwa. Dattijon ya ce to, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da aka ɗora farantin sola a kan kwano aka zuro wayar wuta, sai ta ƙi kaiwa ko'ina sai ɓangaren mata. Babu yadda za a yi Darakta ya zauna a can, dole aka ajiye majigin a gaban Saliha. Ya ja ta gefe ya ce ta tsallake abu na farko da ke cikin filashin, ta fara daga na biyu, saboda wasu dalilai na fasaha. Ta ce to.

Jama'a suka cika sito, aka ja ƙofa, dare ya yi kamar yadda ya yi alkawari. Abin da bai yi alkawari ba shi ne zafi. Mutum ɗari biyu a ƙarƙashin kwano, tagogi a toshe, ga turare ya haɗu da warin jemagu ya zama wani abu na uku. Bakoji ya yi magana daga cikin duhu, ya ce shi aradu ya gama fahimtar ɗumamar duniya, in an yarda zai tafi.

Hoto ya fito tangaram a kan alawayyo, aka yi tsit. Darakta ya gyara babbar riga ya fara sharhi da murya irin ta masu labaran rediyo. Bai kai jimla biyar ba gajimare ya gitta, batir ya yi abin da ya saba, komai ya ɗauke. Bayan ɗan lokaci rana ta leƙo, Saliha ta sake kunnawa. Ba a jima ba ya sake ɗaukewa. Timothy ya ce a hankali, janareta fa yana cikin mota. Darakta ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa, matsalar kawai ita ce farantin bai kallon rana sosai, yanzu zai gyara.

Ya tattare babbar riga ya hau tsani. A can sama ya gano cewa in ya ɗaga farantin da hannu biyu ya karkata shi, wuta tana ɗan tsayawa, in ya ajiye ta gudu. Saukowa ba ta yiwuwa ke nan, sharhi kuma ba zai bar wa kowa ba, kada Timothy ya ga wani ya fi shi. Sai ya sa aka miƙo masa wani guntun bututun roba, ya cusa shi ta wata ɓula a kwanon, ya durƙusa faranti a ka, baki a bututu. Ba ya ganin yadin, amma ai ya haddace.

Da fari abin ya tafi daidai, sai dai yana ɗan riga hoton. Daga baya wani baƙin gajimare ya zo ya zauna, wuta ta ɗauke gaba ɗaya, majigin ya mutu murus. Darakta bai sani ba, yana ta zuba a cikin duhu. Da rana ta dawo na'urar ta farfaɗo da kanta, kuma kamar kowace na'ura mai biyayya, ta faro daga abu na farko da ke cikin filashi. Ko Saliha ta nemi madannin tsayarwa ba ta gani ba, ko ba ta nema da gaske ba, wannan har yau ba ta faɗa wa kowa ba.

Filin Kano ya bayyana a kan yadi, kowane mutum ya kai tsawon ƙofa. Ga mai jar hula, wani ƙato mai gemu da babu wanda ya taɓa gani. A gefe kuma, inda yatsa ya saba zama, ga Abdulkahar da kansa, siriri, cikin wata riga da ta yi masa yawa, ya ɗaga lema yana zufa yana rarraba ido. Daidai lokacin muryarsa ta sauko ta bututu cike da tausayi, don shi a lissafinsa an kai kan farar dabbar nan.

"Jama'a, ku dubi wannan halitta ta Allah. Ku dubi yadda ta rame. Zafin rana ya raba ta da muhallinta, ba ta san inda za ta sa kanta ba. Yini take tana neman abin da za ta ci, babu mai kula ta."

Sai sifikar Timothy, wadda ba ta lalace ba, ta kawo muryar mai jar hula har bakin kasuwa: "Kai mai lema! Abdulkahar kake ko wa? Inuwarka ta shigo hoto, matsa can!"

"Masana sun ce," in ji bututu, "in ba a tashi tsaye ba, irinta za ta ƙare a duniya."

"Allah ya sa," in ji Bakoji.

Siton nan kamar zai tsage. Maza suna dukan cinya, mata sun kifa kai a kan juna, Timothy mai kunya ya cusa hula a baki. Daga sama Darakta ya ji rugugin ya ɗauka yabo ne, daɗi ya kama shi. Ya miƙe tsaye da faranti a ka, ya taka gaba zai rusuna wa jama'ar da ba sa ganinsa. Kwanon da ya yi shekara arba'in yana jiran dalili ya samu dalili.

Farantin ya tsaya a sama, mai shi ya taho. A hanya ya cafki igiyar yadin, alawayyo ya tsinke ya naɗe shi tun daga kai har ƙafa, ya dira a kan buhunan dusar Bakoji a ɓangaren mata, ƙura ta tashi. Haske ya zubo ta ɓular da ya bari, ya sauka a kan wani dogon farin ƙunshi da ke kwance ba motsi, yana ƙamshin turare. Dariya ta tsaya cak, Saliha ta dafe ƙirji, don komai shirmensa mijinta ne kuma tana son abinta.

Sai ƙunshin ya yi atishawa.

Iya Mairama ta matso ta leƙa, ta ce ai ta faɗa, yadin nan da mai shi aka yanko shi. Baba Ladan ya tsallako ya kama bakin alawayyon yana warwarewa, yana cewa gaisuwar da suka yi ranar Laraba ashe ba a yi asararta ba, kuskuren suna kawai aka samu. Da fuskar Darakta ta fito, fari fat da dusa, babu ko ƙwarzane a jikinsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko sharhin ya shiga jiki.

"Ya shiga," in ji Baba Ladan. "Mun ga halittar, mun tausaya mata. Lemar tana nan ko ka baro ta Kano?"

Nan ne Darakta ya waiga ya ga hoton da ya tsaya a jikin bango. Ya sa babban yatsan nan yana murza ido.

Mutane suka fara neman takalma, Timothy ya fara naɗe waya jiki a sanyaye. Saliha ta ce a dakata, mutane sun baro gona sun zo, ba za su koma da dariya kaɗai ba. Ta sa aka ƙulla yadin aka mayar, aka zare buhu biyu daga tagogi iska ta shigo. Saura ɓular sama da farantin. Baba Ladan ya ce wanda ya ɓula shi zai toshe, aka ba Darakta tabarma, aka nuna masa inda katako yake da ƙwari, aka mayar da shi sama. Bututun kuwa Bakoji ya riƙe shi a hannunsa.

Saliha ta yi sharhi daga bayan yadi da muryarta ta aji. Da aka nuna ƙasa tana zaizayewa sai ta ce su tuna kwarin da ya cinye rabin gonar Baba Ladan bara. Da aka nuna kututturan bishiyoyi ta tambayi mata nisan da suke yi yanzu kafin su samu itace, suka amsa mata baki ɗaya. A fim na uku Bakoji ya sa aka mayar baya har sau biyu don ya ga irin ciyawar da kyau. Aka tashi ana musu mai daɗi kan inda za a fara dashen itatuwa, kuma wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba ko sau ɗaya, don duk inda rana ta leƙo, na sama yana biye da ita.

A bakin sito, gaban kowa, Timothy ya rufe majigin a jakarsa ya miƙa wa Saliha. Darakta, da ya sauko wuya a sandare, ya ji abin har cikin ransa. Ya tambaya da ƙaramar murya shi kuma fa. Baba Ladan ya ce ai ba za a bar gwani a baya ba, tafiyar tana buƙatar wanda ya iya riƙe abu a sama tsakaninsa da rana, kuma duk garin nan shi kaɗai ne yake da shaidar aikin a bidiyo.

Haka aka yi. A Kakangi ya tsaya a waje da faranti a ka tun azahar har la'asar, duk wanda ya tambaye shi me ake nunawa a ciki sai ya ce babban darakta ba ya kallon fim ɗinsa. Ranar da aka je Damari kuwa, ana cikin sauke kaya ruwa ya tsuge ba sallama. Kowa ya yi ta kansa, Saliha ta rungume majigin tana waige-waigen mafaka. Kafin ta buɗe baki sai ta ga lema a kanta, an karkata ta daidai inda iska ke kaɗo ruwan, ana bin ta taku bayan taku har cikin zaure. Mai lemar ya jiƙe sharkaf, majigin ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Baba Ladan yana daga rumfa yana kallo. Ya gyaɗa kai ya ce wa Bakoji, "A bar wa mutum gaskiyarsa. Yaron nan ya yi Kano."